Kafin Ƙofar Kaso Ta Buɗe

Karatu: Filimon 8-21

Ɗan'uwa, ranar da aka saki ɗan kaso, ina zai kwana? Wa zai ba shi aiki? In dangi suka juya masa baya, tsofaffin abokan ɓarna ne za su karɓe shi.

Dubi abin da Bulus ya yi wa Unisimas, bawan da ya gudu daga gidan Filimon. Bulus yana ɗaure, amma bai sallame shi hannu wofi ba. Da fari ya kai shi ga Almasihu. Sa'an nan ya rubuta wa Filimon ya karɓe shi kamar ɗan'uwa. Ya ɗauki bashinsa a kansa (aya 18). Ya kuma haɗa shi da Tikikus, abokin tafiya (Kolosiyawa 4:7-9).

Ashe, shirin komawa gida yakan fara tun kafin saki. Akwai ɗan unguwarku a gidan kaso? Ka ziyarce shi. Ka je wurin iyalinsa neman sulhu. Ka nemo tela ko kafinta cikin ikkilisiya wanda zai koya masa sana'a.

Addu'a: Ya Ubangiji, kai ne ka karɓe ni ina mai laifi. Ka ba ni zuciyar karɓar wanda aka sako. Amin.