Matsayin Kiɗa da Waƙa a Wasan Kwaikwayon Talabijin na Hausa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar za ta gina alƙaryar shirya fina-finai a garin Kofa, cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji a kudancin Jihar Kano, a kan kuɗi kimanin naira biliyan 3. Ba a jima ba malamai da dama da sauran jama'a suka tashi haiƙan suna sukar shirin, har gwamnati ta janye shi a cikin wannan shekara. Babban abin da masu suka suka ji wa tsoro shi ne gurɓacewar tarbiyya, kuma a duk lokacin da aka yi wannan magana game da fim ɗin Hausa, rawa da waƙa ake fara nunawa da yatsa. Ke nan batun waƙa a cikin wasa ba ƙaramin al'amari ba ne, tun da yana cikin abubuwan da suka sa wani yanki ya rasa aikin da aka yi niyyar kawo masa.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba irin aikin da kiɗa da waƙa suke yi a wasan kwaikwayon talabijin, a kuma nuna cewa waƙa ba baƙuwa ba ce a wasan Bahaushe. Abin da yake baƙo shi ne waƙar da ba ta da alaƙa da labarin da ake bayarwa.

2.0 Waƙa a Wasannin Gargajiya

Tun kafin zuwan rediyo da talabijin Bahaushe yana da ɗan wasa mai waƙa. A garuruwa irin su Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran ƙasar Hausa, an san wasan tashe, wanda yara da samari kan yi da dare idan watan azumi ya kwana goma. Mai yin Jatau Mai Magani, alal misali, shi ne yake shigar boka, shi ne yake rera waƙar, abokansa suna amshi. Idan aka cire waƙar, wasan ya rushe, domin a cikinta ne zancen yake, a cikinta ne kuma ake yin hannunka-mai-sanda. Haka nan a tatsuniya, sau da yawa yarinyar da aka zalunta ko tsuntsun da ya ga abin ɓoye da waƙa yake tona asiri, kuma da wannan waƙa ce labarin yake juyawa.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai nazari ya riƙe a nan. Na farko, mai wasa da mai waƙa mutum ɗaya ne. Na biyu, waƙar tana ɗauke da wani kashi na jigo, ba a sa ta don cike gurbi ba.

3.0 Daga Talabijin Zuwa Bidiyo

Wasannin talabijin na shekarun 1970 da 1980, kamar Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi a Kaduna, da Karkuzu a Jos, da waɗanda tashar CTV ta Kano ta riƙa nunawa bayan kafa ta a 1982 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, sun dogara ne a kan zance da raha da gargaɗi. Kiɗan da ake ji a cikinsu galibi na gargajiya ne, ana buɗe shiri da shi, ana raba fitowa da fitowa, ana rufewa. Ba a tsayar da labari domin saurayi da budurwa su yi wa juna waƙa.

Sauyi ya zo ne da fim ɗin bidiyo, wanda ake lissafin farkonsa daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Matasan da suka shiga wannan sana'a sun tashi da kallon fina-finan Indiya a gidajen silima da talabijin, kamar yadda manazarta irin su Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin suka yi bayani. Daga Indiya suka ɗauko abubuwa biyu. Ɗaya shi ne tsayar da labari a shiga rawa da waƙa a wani wuri mai ban sha'awa, shi ya sa wurare kamar madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974, suka zama wuraren ɗaukar waƙa. Ɗaya kuwa shi ne aron murya, watau mawaƙi ya rera waƙa a ɗakin ɗaukar sauti, ɗan wasa kuma ya riƙa motsa baki kamar shi yake yi, kamar yadda Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi suka yi wa taurarin Indiya. A ɓangaren kiɗa kuma fiyano ya maye gurbin kalangu da goge da sarewa, domin mutum ɗaya yana iya fitar da sautin makaɗa da yawa a kan kuɗi kaɗan. Bayan karɓuwar da Sangaya ya samu a ƙarshen shekarun 1990, waƙa ta zama abin da ke sayar da kaset, har akan tsara waƙoƙi kafin a gama tsara labari. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001.

4.0 Rabe-raben Waƙa a Wasa Mai Dogon Zango

Bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, wasan da ake bi mako-mako ya sake samun gindin zama, da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sannan Labarina na Aminu Saira a 2020. Idan muka duba irin waɗannan wasanni za mu iya kasa kiɗa da waƙar cikinsu gida uku.

Na farko shi ne taken shiri. Aikinsa kamar na taken sarki ne ko na ɗan dambe: da an ji shi an san wanda ke tafe. Mace tana tsakar gida tana aiki, da ta ji take ta san lokaci ya yi.

Na biyu shi ne kiɗan rakiya, wanda mai kallo yake ji amma mutanen cikin labari ba sa ji. Shi yake gaya wa mai kallo cewa akwai haɗari a gaba, ko kuwa zuciyar wance ta karaya. A nan waƙa takan faɗi abin da kunya ta hana a faɗa. Bahaushiya ba ta cika bayyana son da take yi wa namiji a gaban mutane ba, to, idan aka nuna ta zaune shiru, waƙa kuma tana tafiya a baya, an isar da saƙo ba tare da an keta al'ada ba. Labarina ya yi amfani da wannan dabara ƙwarai, musamman da waƙoƙin Naziru M. Ahmad, wanda aka fi sani da Sarkin Waƙa.

Na uku shi ne waƙar cikin labari, wadda ɗan wasa yake yi sauran 'yan wasa suna ji. Wannan ita ce ta fi kusa da tashe, ita ce kuma ta fi wuya, domin tana bukatar dalili. Dole ne ya kasance mai yin ta mawaƙi ne a cikin labarin, ko kuwa ana biki, ko aiki, ko reno. Samuwar mawaƙan da suka zama 'yan wasa, kamar Umar M. Shareef, da 'yan wasan da suke waƙa da muryarsu, kamar Adam A. Zango, ta sake haɗa murya da mai ita bayan an daɗe da raba su.

5.0 Ma'aunin Waƙa Mai Kyau

Daga bayanan da suka gabata za mu iya fitar da ma'auni guda. A cire waƙar, sannan a dubi labarin. Idan ya rage yadda yake, to, waƙar kaya ce aka ɗora masa. Idan kuwa wani abu ya ɓace, ko na jigo ko na halin tauraro, to, ta yi aikinta.

A ɗauka an tsara wasa a kan wani manomi a ƙasar Doguwa wanda ya kira gayya. Gangar noma a wannan fitowa za ta nuna wuri da lokaci, za ta nuna wanda ake zugawa da wanda aka yi wa zambo, daga nan ma rikicin labarin yana iya tasowa. Amma idan aka ɗauke manomin nan aka sa masa tufafin birni, aka kai shi bakin ruwa yana rawa da fiyano, mai kallo a Tudun Wada ba zai ga kansa a ciki ba, kuma shi ne zai fara cewa wasan ba namu ba ne.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa ɗan wasa mai waƙa tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma rigimar da ta kai ga abin da ya faru a Kofa ta fi shafar waƙar da aka raba da labari da kuma al'adar masu kallo. Saboda haka akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa, musamman waɗanda suka fito daga karkara. Waƙoƙin tashe da na gaɗa da na daka da na noma suna nan a bakin tsofaffi, amma masu yin su suna raguwa. Idan aka tattara su aka rubuta, tare da bayanin lokacin da ake yin kowace da wanda yake yin ta, marubucin wasa zai sami rumbun da zai ɗiba, manazarci kuma zai sami abin da zai auna sabuwar waƙa da shi.