Amsoshin Tambayoyinku: Likkafanin Turin da ziyarar Kiristoci

Tambaya: Malam, ina da abokin aiki Kirista ɗan Wusasa, mun daɗe muna zaman amana. Ya ce yana tara kuɗi don ya je ƙasar waje ya ga likkafanin da suka ce an naɗe Annabi Isa (AS) da shi. Da gaske akwai wannan likkafani? Tafiyar kuma farilla ce a wurinsu kamar aikin Hajji? Daga mai karatu, Ƙofar Galadima, birnin Zariya.

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Bari mu fara da ta biyun, don ta fi gajarta. Ziyara ba farilla ba ce a addinin Kirista. Wanda ya samu hali yakan je don ƙarin imani, wanda bai samu ba babu laifi a kansa. A Najeriya akwai hukumar kula da masu ziyara ta Kiristoci, NCPC, wadda aka kafa da dokar 2007, kuma yawancin tafiye-tafiyenta Isra'ila ne da Jodan. Waɗanda suka dawo daga Urushalima ne za ka ga suna saka JP a bayan sunansu.

Likkafanin da abokinka yake nufi ba a Urushalima yake ba. Yana birnin Turin a arewacin Italiya, cikin majami'ar Yahaya Mai Baftisma. Ƙyallen lilin ne mai tsawon kimanin mita 4.4 da faɗin mita 1.1. A jikinsa akwai dishi-dishin siffar mutum mai gemu, gaba da baya, da alamun rauni a wuyan hannu da ƙafa da haƙarƙari. An fara jin ɗuriyarsa a ƙauyen Lirey na Faransa wajen shekarun 1350. Gidan sarautar Savoy ya mallake shi a 1453, gobara ta taɓa shi a 1532 har ta bar masa tabon ƙuna, aka kai shi Turin a 1578. Sunansa ya zagaya duniya ne a 1898, lokacin da Secondo Pia ya ɗauke shi hoto. Da ya wanke hoton, sai fuskar ta fito sarai fiye da yadda ido ke ganinta a jikin ƙyallen.

To, na gaske ne? A 1988 an yanki ɗan gefensa aka raba wa ɗakunan bincike uku don a auna shekarunsa, a Oxford da Zurich da Arizona. Sakamakonsu ya nuna an saƙa shi tsakanin 1260 da 1390. Masu kare shi sun ce gefen da aka yanka ya sha hannu da hayaƙi da gyara, don haka ba su gamsu ba. A ganina hujjar awon tana da ƙarfi. Abin da ya kamata ka sani shi ne, cocin Katolika kanta ba ta yanke hukuncin cewa na gaske ne ba. Ta bar mabiyanta su girmama shi a matsayin abin tuna wahalar Almasihu.

Su kansu Kiristocin ba bakinsu ɗaya ba. Wusasa tushenta Angilika ne, tun daga mishan ɗin da Dokta Walter Miller ya kafa a cikin birnin Zariya a 1905 kafin a mayar da shi bayan ganuwa. Angilika da ECWA ba su ɗauki girmama irin waɗannan kayan tarihi kamar yadda Katolika da Otodoks suka ɗauka ba. Musulmi kuwa aƙidarsu ita ce ba a gicciye Annabi Isa (AS) ba, abokinka ma ya san haka. Wannan bambanci bai hana ka yi masa fatan sauka lafiya ba, kamar yadda zai yi maka in za ka Makka.

Ga taimakon da za ka yi masa tun kafin ya kashe guminsa. Ba kullum ake fito da likkafanin ba. Yana ajiye cikin akwati na musamman a rufe, sai jefi-jefi ake nuna shi, kamar a 1978, 1998, 2000, 2010 da 2015. Wanda ya je ba a lokacin nuni ba, wurin ajiyar kawai zai gani, sai kwafinsa. Don haka kada ya ba wani dillalin tafiya ko kwabo bisa alkawarin ganinsa. Ya fara tambayar limamin cocinsa, ya jira sanarwa daga ofishin babban bishof na Turin, sannan ya nemi bizar Italiya.