Darasi na 14: Akori-kura da Aikin Walda

Akori-kura ƙaramar mota ce mai buɗaɗɗen baya. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke kawo taki gona. In ciwo ya tashi da dare, ita ke kai mara lafiya asibiti. A shekarar 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Masu hikima sun ce, kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Haka wanda ke cin amfanin mota, tilas ya kula da ita.

Kowace safiya, kafin ka ta da inji, duba abu huɗu.

1. Baƙin mai. Tsai da mota a wuri mai daidai. Zaro ma'auni, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin zane biyun nan.
2. Ruwan lagireto. Kada ka buɗe shi inji na da zafi, ruwan zai yi tsalle ya ƙona maka fuska.
3. Taya. In iska ta yi kaɗan, taya ta kan yi zafi ta fashe.
4. Birki. Taka shi ka ji. In ya nutse har ƙasa, kada ka fita.

Da na je rangadi wani ƙauye, na tarar da wani manomi da ƙanensa. Bodin motarsu ya tsage, kuma suna so su yi mata shingen ƙarfe don kada buhu ya faɗo. Mai walda yana can nesa, a birni. Sai ƙanen ya je ya zauna wurinsa, ya koyi aikin. Walda ita ce haɗa ƙarfe biyu da zafin wutar lantarki. Sandar walda ta kan narke, ta cike tsakaninsu, su zama ɗaya.

Ran da ya komo, wansa ya ce, "To, ga mota, fara."

Ya ce, "A'a, Yaya, sai na gwada hannuna a kan tsohon ƙarfe tukuna." Ya kankare tsatsa da fenti, gama walda ba ta kama datti. Ya riƙa jan sanda sannu a hankali. In ya yi sauri, ɗinkin ba ya kamawa. In ya daɗe wuri ɗaya, ƙarfen ya huje. Da ya gama, ya buga da guduma. Sai da ɗinkin ya daina ɓallewa, sa'an nan ya taɓa mota.

Da farko ya cire wayar batir. Ya kawar da galan na fetur, ya ajiye bokitin yashi kusa. Ya tsaya a busasshen wuri da takalmi, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta kan jawo wa mutum wuta. Ya rufe fuskarsa da garkuwa mai baƙin gilashi.

Wan nasa ya tsaya yana kallo da ido tsirara. Ƙanen ya ce, "Yaya, kau da kai." Ya ce, "Ai ba ni jin kome." Ashe ciwon ba ya zuwa nan da nan. Can tsakar dare ya farka, idonsa na ta hawaye, kamar an zuba masa yashi. Kwana biyu bai je gona ba. Hasken walda ya kan ƙona ido, tabaran rana kuwa ba ya tsare shi.

Bayan haka wan ya ce, "Tankin mai yana yoyo. Na tsiyaye man, sai ka liƙe shi."

Ƙanen ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wannan ba zan yi ba. Ko tanki ya bushe, iskar fetur tana ciki. Tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa shi." Haka kuma ya ƙi taɓa ƙarfen sitiyari da sifirin, gama in sun karye a kan hanya, rayuka ne za su tafi. Suka kai wa gwanin makaniki.

Shingen ya yi kyau. Amma shinge ba ya ƙara wa mota ƙarfi. In an rubuta kilo 1,000 za ta ɗauka, buhu 10 ke nan masu kilo 100, amma nauyin mutanen da ke ciki ma yana cikin wannan lissafi. Wanda ya iya karatu, shi zai karanta wannan da kansa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abu huɗu a kan duba da safe?
2. Me ya sami idon manomin?
3. Don me ba a yi wa tankin mai walda ba?
4. Buhu nawa masu kilo 50 za su yi kilo 1,000?

Rubuta waɗannan a allonka: walda, birki, lagireto, tartsatsi, garkuwa.