Kafin Ka Sa Wuƙa A Bayan Agogonka

Gyaran agogo ne sana'ata, kuma akwai maganar da nake ta maimaita wa masu zuwa teburina, har na ga gara in rubuta ta kowa ya samu. Da yawa daga cikin agogon hannu masu batir da ake kawo mini a mace, lafiyarsu ƙalau kafin a buɗe su. Batir ne kawai ya ƙare, mai agogo ya ce wannan ai ba sai an je wurin mai gyara ba, ya ɗauko wuƙar kicin ko reza, garin neman gira aka rasa ido. Ni ba na hana kowa taɓa agogonsa. Akwai wanda za ka canza wa batir a ɗakinka cikin minti goma lafiya lau, akwai kuma wanda buɗe shi a gida asara ce. So nake ka san wanne ne a hannunka.

Da farko ka tabbata agogon naka batir yake ci. Tsofaffin Seiko 5 ɗin nan da iyayenmu suke ɗaurawa ba su da batir ko kaɗan, motsin hannu ne yake ba su wani, in sun tsaya a girgiza su a ɗaura. Akwai kuma masu cin haske, irin su Eco-Drive na Citizen da Tough Solar na Casio. Abin da ke cikinsu ya yi kama da batir a ido, amma na caji ne na musamman. In irin wannan ya tsaya, a fara ajiye shi bakin taga ya sha haske na 'yan kwanaki, ba a gaban gilashin mota ba inda zafi zai dafa shi. Wanda ya cusa masa batirin kasuwa, agogon zai yi ta ɗura wa batirin caji har ya kumbura ko ya fashe a ciki.

Agogo mai kyau yakan yi gargaɗi kafin ya tsaya. In ka ga hannun sakan ya daina tafiya ɗaiɗai, yana tsallake biyu-biyu ko huɗu-huɗu alhali lokaci daidai yake, to batir ne ya kusa ƙarewa. Na lamba kuma rubutunsa ne yake dusashewa, musamman in ka danna fitila. Daga ranar da ya tsaya kada a jefa shi a durowa da mataccen batir a ciki. Wannan ita ce ƙaddarar agogon lefe da na tsarabar Makka: a adana su shekara biyu ko uku saboda ana ji da su, ranar da aka buɗe sai a tarar batir ya yi yoyo, wani farin gari ko kore ya bi ƙarafan ya cinye su. Agogon da ba za a ɗaura ba, a cire masa batir tukuna.

Yana da kyau ka san abin da wuƙarka za ta tarar a ciki. Tun da kamfanin Seiko na Japan ya fitar da agogon hannu na kwaz na farko a 1969, tsarin bai canza sosai ba. Batir yana ba wani ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz wuta, dutsen yana karkarwa sau 32,768 a sakan ɗaya, inji ya ƙirga, ya tura wuta sau ɗaya cikin kwayil, hannu ya matsa. Kwayil ɗin nan shi ne abin tsoro. Ɗan tsinke ne mai launin jan ƙarfe, an naɗe shi da waya wadda ta fi gashin kai siranta, kuma sau da yawa yana kwance dab da batir babu abin da ya rufe shi. Bakin sukurdireba ya goge shi sau ɗaya, shi ke nan. Da ido ba za ka ga komai ba, sai na sa madubin gyara in ga ɗan layi mai ƙyalli a kan wayar, mai agogo kuwa yana rantsuwa sabon batir ya sa.

Batun batirin kansa nan ne aka fi tafka kuskure, don mutane da ido suke aunawa. Kowane batir yana da lamba a bayansa, ita za ka karanta ka tafi da ita kasuwa. Wanda ya fi yawa a agogo masu hannu shi ne SR626SW, wasu kamfanoni suna rubuta masa 377. Faɗinsa milimita 6.8, kaurinsa 2.6. Akwai ɗan'uwansa SR621SW, wato 364, faɗinsu ɗaya amma wannan kaurinsa 2.1 ne. In ka sa 364 a gurbin 377 zai shiga, agogo ma zai tashi, sai dai batirin yana rawa a ciki, yau ya yi tafiya gobe ya tsaya. Haka tsakanin 371 da 395. Shi kuma babba mai faɗi kamar CR2016 ko CR2032 wani jinsi ne daban, na litiyam, mai bolt 3, alhali ƙananan nan bolt 1.55 suke bayarwa.

Sai ka lura da haruffan farko. SR batirin azurfa ne, ƙarfinsa yana tsayawa daram har ya kusa ƙarewa, shi ne aka yi domin agogo. LR, ko wanda aka rubuta wa AG4 da makamantansu a jere kan kwali, na alkalin ne. Girmansu ɗaya da na azurfa, ya fi araha, amma ƙarfinsa yana raguwa tun da wuri kuma ya fi saurin yoyo. Araha ba ta ado. A wasan yara ko 'yar fitilar makulli ba laifi, amma ni ba na sa shi a agogon da mai shi yake so. Inji irin Miyota 2035, wanda ke cikin agogo masu ɗimbin yawa, yakan kai kusan shekara uku da batirin azurfa mai kyau. Ka nemi na kamfanonin da aka sani, Maxell, Renata, Murata ko Energizer, a rufe cikin ledarsa, ka duba kwanan watan da ke jiki. Wanda ya yi wata da watanni a kan faranti cikin ranar bazara ya riga ya gaji kafin ya shiga agogo.

In ka samu batirin da ya dace, sai wurin aiki. Ka zauna a teburi mai haske, ka shimfiɗa farin ƙyalle mai laushi, ka kashe fanka, ka rufe taga. A lokacin hunturu ƙurar da ke yawo a ɗaki ta isa ta tsayar da ƙananan haƙoran inji, don haka kada agogo ya daɗe a buɗe. Kafin ka buɗe ma, ka sa tsohon buroshin haƙori busasshe ka share daskararren gumi da dattin da ke zagaye da murfi, in ba haka ba duk ciki za su zuba.

Murfin baya iri uku ne. Mai ƙananan sukurori huɗu shi ne mafi sauƙi, muddin kana da ƙaramin sukurdireba da ya zauna daidai a kansu, ka kuma zuba su a faranti don kada su ɓace. Na biyu shi ne wanda ake ɓallewa. In ka duba gefensa da kyau za ka ga ɗan leɓe ko 'yar kafa, nan kaɗai ake sa bakin abin buɗewa a murɗa kaɗan, ba a tura shi ciki. Mu da wuƙa ta musamman mai dakusasshen baki muke yi, tana kuma samuwa wurin masu sayar da kayan agogo da araha. Wuƙar kicin in ta zame, ko ta shiga kwayil ko ta shiga tafin hannunka. Na uku shi ne mai tsagogi a zagaye, wanda ake kwancewa kamar murfin kwalba. Wannan sai da mabuɗinsa. Almakashi, filaya, ƙusa da guduma, duk na ga aikinsu, murfi ya kakkarce bai kuma buɗu ba. Irin wannan ka kawo mana.

Da ka buɗe, ka ɗauki hoton cikin da wayarka kafin ka taɓa komai. Yawanci gefen da ke da rubutu da alamar + shi ne yake kallon sama. Wani siririn ƙarfe ne yake riƙe da batir, a hankali ake ture shi gefe da tsinken sakace, batirin ya ɗago da kansa. In ka ga 'yar leda siririya a ƙarƙashinsa ka bar ta a wurinta, ita ce take raba wuta. Kada ka kama sabon batir da hantsakin ƙarfe ta sama da ƙasa, kana haɗa masa wuta ne yana zubar da ƙarfinsa. Kada kuma ka dafa shi da yatsa mai gumi. Hantsakin roba ko ɗan tsaftataccen ƙyalle ya isa.

Masu Casio na lamba, irin F-91W da ya fito tun 1989 yake ɗaukar CR2016, ku ji wannan. Bayan an sa batir sau da yawa fuskar takan zauna fayau, ko ta nuna rubutun banza, sai a ɗauka agogo ya mutu. A jikin injin akwai ɗan wuri da aka rubuta AC. Za ka sa hantsakin ƙarfe, baki ɗaya a nan ɗaya a bayan batir, na sakan biyu, sai lambobi su dawo. A wasu samfuran kuma akwai ɗan sifirin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi ne yake kai ƙara ga murfi. In ka kifa agogon ya faɗi, ƙararrawa ta tafi. Mai agogon da ke nuna lokutan salla shi ma ya sake duba gari da kwanan wata bayan canji, kada ya yi ta bin lokacin wani gari bai sani ba.

Robar nan baƙa siririya da ke zagaye da murfi ita ce take tsare agogonka daga ruwa, kuma mu da muke alwala sau biyar a rana mun fi kowa bukatarta. Ka duba ta, in ta bushe ko ta tsage ko ta saki, a canza. Man silikon ake shafa mata kaɗan, ba basilin ko man inji ba, waɗannan suna lalata roba. Agogon da aka rubuta wa 30M fantsalin ruwa kawai yake jurewa ko yana sabo, balle an buɗe shi an mayar da roba a karkace. In ka ga gumi a cikin gilashi bayan ka canza batir, ruwa ya shiga, ka kai shi a busar a ranar kafin tsatsa ta kama.

Wajen rufewa ka daidaita 'yar tsagar da ke cikin murfi da sandar saita lokaci, ka danna gefe da gefe da manyan yatsu biyu. In ya ƙi, ka tsaya. Kada ka kifa shi a ƙasa ka hau da ƙarfinka, kada ka sa haƙori, gilashi ne zai tafi. Muna da abin matsewa da ke gama wannan cikin sakan kaɗan. Agogo mai tsada, da na gado, da wanda garantinsa bai ƙare ba, da wanda batir ya riga ya yi yoyo a ciki, tun farko hannun mai gyara ya dace da su. Kana da haƙƙin ka ce ya ɓare batirin a gabanka ya nuna maka lambarsa.

Abin da ya fi duk wannan damuna shi ne inda tsohon batir yake ƙarewa. Ana gama aiki sai a bar shi kan tabarma ko bakin taga, ga shi yana ƙyalli, ga yaro mai rarrafe. Batirin da ya kasa tafiyar da agogo yana da sauran wutar da za ta yi ɓarna a jikin mutum. In ya maƙale a hanyar abinci, wutar tana haɗuwa da miyau ta haifar da sinadari irin sodar da ake haɗa sabulu da ita, cikin awa biyu kacal yana iya ƙona wurin ƙwarai, har ya kai ga hudawa. Manyan nan masu faɗin milimita 20 su ne suka fi maƙalewa. Wani yaron zai yi ta dalalar da miyau, ko tari, ko ya ƙi abinci, wani kuwa ba za a ga komai ba da farko. A hanci ko kunne ma haka yake ƙuna.

Iyaye mata da maza, in kuna zargin yaro ya haɗiyi batir, ku nufi asibiti nan take a yi masa hoto, ku faɗa wa likita batir ne, ku tafi da kwalin in yana kusa. Kada a sa shi amai, kada a jira a ga ko zai fita a bayan gida. In yaron ya wuce shekara ɗaya, yana iya haɗiya, kuma abin bai kai awa 12 ba, likitoci sun yarda a riƙa ba shi zuma cokalin shayi biyu duk minti goma, har sau shida, a kan hanyar zuwa asibiti, ba a zauna gida ana ba shi ba. Jariri ɗan ƙasa da shekara ba a ba shi zuma. Duk wanda ya canza batir a gida, ya naɗe tsohon da salatif gaba da baya tun kafin ya tashi daga wurin, kada ya jefa shi a wutar shara don yana fashewa, ya ajiye sababbin kuma inda hannun yaro ba zai kai ba.