Darasin lafiya: ƙarfafa ƙafafu a sansani

Yawan zama wuri guda yana raunana ƙafafu, musamman na dattawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su riƙa motsa jiki mai ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.

Ku zauna a kan benci, ku miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, sau 10. Wanda ya ji wuya ya dogara sanda, ya tsaya a 5. Babu abin kunya. Wanda ya saba ya rungumi galan mai lita 5 na ruwa, kilo 5 ke nan. Kada ku riƙe numfashi.

Masu hawan jini da masu juna biyu su fara tuntuɓar asibitin sansani. Da jin jiri ko ciwon ƙirji, a dakata.