Amsar Tambaya: Ina Makomar Mai Digirin Lissafi da Fiziks?

Tambayar da ta iso wannan fili ita ce ko wanda ya karanci lissafi da fiziks a jami'a yana da wata hanyar abinci bayan koyarwa.

Koyarwa sana'a ce mai daraja, amma ba ita kaɗai ba ce. Asibitocin da ke gasa ciwon daji da haske mai ƙarfi suna bukatar masanin fiziks na likitanci, wato wanda ke auna adadin hasken da zai kashe ƙwayar cutar ba tare da ya lalata lafiyayyen nama ba, kuma masu wannan ƙwarewa sun yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya. Kamfanonin inshora suna ɗaukar akcuwari, mai lissafa yiwuwar hasara domin a tsayar da kuɗin da mai inshora zai biya. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ke sarrafa na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, ita ma kafa ce, kodayake gurabenta kaɗan ne.

Takardar digiri kawai ba ta isa ba. Wanda ya haɗa ta da iya harshen kwamfuta na Python da nazarin alƙaluma yana iya samun aiki har a bankuna.