Idan Injin Motar Ƙungiya Yana Tari

A-kori-kurar ƙungiya ta ɗauko masara, ta shigo birnin Kano, sai inji ya soma tari yana fizga. Kada direba ya garzaya Ƙofar Ruwa sayen sabuwar kafireta da kuɗin jama'a. Ya tsaya ya bincika tukuna.

Abu uku inji yake bukata: mai, iska da wuta. A fara da mai. A tsiyayi kaɗan cikin kwalba a bar shi ya kwanta. In akwai ruwa, zai taru a ƙasa, don ya fi fetur nauyi. Man da ake saye a galan bakin hanya yakan zo da ruwa ko datti. To, sai a zubar da na tanki, a sake matatar mai.

Sai iska. Lokacin hunturu ƙura takan toshe matatar iska, inji ya shaƙe, baƙin hayaƙi ya riƙa fita. A ciro ta a kakkaɓe, in ta tsufa a saya wata.

Filogi kuwa ba ya ƙarya. A bari inji ya huce, a kwance shi a dubi bakinsa. In ya yi baƙi a bushe, mai ya yi yawa ko iska ta kasa. In ya yi fari fat, mai ba ya isa. In ya jiƙe da baƙin mai, ciwon yana can cikin inji, wannan kam aikin makanike ne. Magatakarda ya rubuta abin da aka gani, direba ya tafi da takardar gareji.